Shafin intanet na ƙaramin masauki: yadda za ka buɗe wa kowane baƙo ƙofa, ka toshe wa ɓarawo hanya

Mai ƙaramin masauki, ɗaki takwas ko goma sha biyu, ya san wace ƙofa ce ke ƙara idan an buɗe ta, ya san wane famfo ne ke ɗiga. Amma ka tambaye shi wa ke riƙe da kalmar sirrin shafinsa na intanet, sai ya yi shiru yana tunani. Galibi wani ne ya gina shafin shekaru huɗu ko biyar da suka wuce, aka biya shi, ya kama gabansa. Alhali wannan shafin shi ne ƙofar da baƙo ke fara ƙwanƙwasawa, kuma ta nan yake miƙa sunansa, lambar wayarsa, ranar da zai bar gidansa babu kowa, da lambar katin bankinsa.

Tambaya biyu ce ke gaban mai masauki. Shin makaho, ko kurma, ko wanda hannunsa ke rawa, zai iya kama ɗaki a shafin nan ba tare da ya nemi wani ya taya shi ba? Kuma abin da baƙo ya ba da amana, yana nan a killace? Shawarata ita ce a haɗa su a aiki guda, domin duka biyun a kan hanya ɗaya suke: hanyar da baƙo ke bi daga shafin farko zuwa maɓallin biyan kuɗi. Ita za mu bi daki-daki.

Mataki na ɗaya: rubuta abin da ka mallaka

Ɗauki takarda. Rubuta sunan kamfanin da aka yi rajistar adireshin shafinka a wurinsa, da sunan wanda aka yi rajistar da shi. Idan sunan wanda ya gina shafin ne, ka sa a mayar da shi sunanka a wannan makon, domin wanda ke riƙe da adireshin shi ne mai shafin a zahiri. Rubuta kamfanin da ke ajiye shafin a kwamfutocinsa, manhajar da aka gina shi da ita, manhajar kama ɗaki, kamfanin da ke karɓar kuɗin kati, akwatin imel, da duk dandalin da kake tallata ɗakunanka a kai, irin su Booking.com ko Airbnb. A gaban kowanne ka sa sunayen masu iya shiga. Kada ka yi mamaki idan ka tarar da sunan ma'aikacin da ya bar aiki tun bara. Goge shi yau.

Mataki na biyu: gano dokar da ta hau kanka

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ma'auni guda kusan kowa ke komawa gare shi, wato WCAG, ma'aunin sauƙin amfani da shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ke fitarwa. Sigar 2.0 ta fito a 2008, sigar 2.1 a 2018, sigar 2.2 kuma a watan Oktoba na 2023. Yana da hawa uku: A, AA da AAA. Hawa na tsakiya, AA, shi ake nema a yawancin dokoki da yarjejeniyoyi, don haka shi za ka sa a gaba.

A Amurka, dokar ADA ta 1990, mai kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, ta haɗa da otal-otal da masaukai, kuma tun 2012 akwai ƙa'ida ta musamman kan kama ɗaki. Dole mai buƙata ta musamman ya iya kama ɗaki a lokaci ɗaya kuma ta hanya ɗaya da sauran mutane, dole a bayyana yadda ɗakunan suke dalla-dalla, kuma a riƙe ɗakin da aka tanadar wa masu buƙata ta musamman har sai sauran ɗakuna irinsa sun ƙare. An keɓe gidan da ɗakunan hayarsa ba su wuce biyar ba, in har mai gidan a ciki yake zaune. A Tarayyar Turai, dokar sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman samun kayayyaki da hidimomi ta fara aiki ranar 28 ga Yuni 2025, ta kuma shafi saye da sayarwa ta intanet, sai dai ta ɗaga wa ƙananan masu hidima ƙafa: waɗanda ma'aikatansu ba su kai goma ba, kuma cinikinsu na shekara bai wuce yuro miliyan 2 ba. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ce ke aiki.

Ta fuskar tsaro, abu biyu ne. Duk mai karɓar kuɗi da kati, ko ina yake a duniya, ƙa'idar tsaron bayanan kati ta PCI DSS ta hau kansa. Ita ba gwamnati ce ta kafa ta ba, manyan kamfanonin kati ne, su Visa, Mastercard, American Express, Discover da JCB, kuma ta cikin yarjejeniyarka da banki take kama ka. Sai dokokin kare bayanan mutane, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne GDPR na Turai, da ya fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018. Ƙasashe da dama sun yi nasu. Ka nemi na ƙasarka ka karanta, ko ka zauna da lauya na awa ɗaya.

Ko da doka ta keɓe ka, ni dai ban ga hikimar tsayawa a nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 1.3, kimanin kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar lalura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Suna tafiya, suna kwana a masauki, kuma ba kasafai suke tafiya su kaɗai ba. Idan mutum ɗaya ya kasa kama ɗaki, iyali guda ka rasa.

Mataki na uku: zama baƙon kanka

Kafin ka biya kowa ko sisi, yi wannan gwajin da hannunka. Zare linzamin kwamfutarka ka ajiye shi gefe. Buɗe shafinka, ka yi ƙoƙarin kama ɗaki da kibod kaɗai: maɓallin Tab don matsawa gaba, Enter don zaɓa, kibiyoyi don yawo cikin jeri, Esc don rufe abin da ya buɗe. A kowane taki ka tambayi kanka ko kana ganin inda kake a allon. Yawancin shafuka a kalandar zaɓen rana suke faɗuwa. Za ka ga kalandar ta buɗe, amma babu yadda za ka shiga cikinta, ko kuma ka shiga ka kasa fita. Idan haka ta faru, ka sani duk wanda ba ya iya riƙe linzami a nan tafiyarsa take ƙarewa.

Sai ka ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 cikin ɗari. Rubutu ya hau kan rubutu? Maɓallin biya ya ɓace? Rubuta.

Na uku, kunna manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo. Ba sai ka saya ba: wayoyin Android suna da TalkBack, na Apple suna da VoiceOver, a kwamfutar Windows kuma ana sauke NVDA kyauta. Rufe idonka ka saurara. Da farko zai yi maka wuya, amma minti goma sun isa ka ji abin da baƙonka ke ji: "hoto, hoto, maɓalli, maɓalli", ba tare da sanin hoton mene ne ko maɓallin me ba.

Daga ƙarshe ka bi da shafin ta na'urorin bincike na kyauta, irin su WAVE ko Lighthouse da ke cikin burauzar Chrome. Suna da amfani, amma wani ɓangare kawai na matsalolin suke iya kamawa. Za su gaya maka hoto ba shi da bayani, ba za su gaya maka ko bayanin da aka rubuta yana da ma'ana ba.

Mataki na huɗu: gyara, ka fara daga hanyar kama ɗaki

Miƙa wa mai gyaran shafinka abin da ka rubuta, ka ce ya fara da fom ɗin kama ɗaki. Kowane gurbi ya kasance da sunansa a rubuce a samansa, wanda ba ya ɓacewa idan an fara cikawa. A ba mutum damar rubuta rana da hannu ko da akwai kalanda. Idan ya yi kuskure, a gaya masa da kalmomi wane gurbi ne da yadda zai gyara, domin jan layi kaɗai bai isa ba ga wanda ba ya bambance launi. Idan tsarin yana riƙe ɗaki na ɗan lokaci, a gargaɗe shi kafin lokacin ya ƙare, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari. Kada a sa shi maimaita abin da ya riga ya rubuta a shafin baya.

Launin rubutu da na bayansa su bambanta sosai. Ma'aunin shi ne 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Masu zanen shafukan masauki suna son siririn rubutu mai ruwan toka a kan hoton faɗuwar rana. Yana da kyau a ido, amma dattijon da ke neman farashin ɗaki ba zai iya karanta shi ba. Maɓallai kada su yi ƙanƙanta ko su cunkushe, sigar 2.2 ta sa mafi ƙarancin girma ya zama fiksel 24 tsawo da faɗi.

Kowane hoto mai ɗauke da bayani a rubuta masa bayaninsa a ɓoye, wanda manhajar karanta allo za ta faɗa. "Ɗaki na uku" bai gaya wa kowa komai ba. "Ɗaki mai gado biyu, da taga babba, da fili tsakanin gadon da bango" ya fi. Bidiyo ya zo da rubutun abin da ake faɗa, kuma kada ya kama wasa da sauti da kansa. Jerin abinci ko ƙa'idojin gida da aka ɗauka a hoto aka liƙa, a sake rubuta su da haruffa na gaske. Idan shafin yana da harshe fiye da ɗaya, a sa wa kowane shafi alamar harshensa, in ba haka ba manhajar za ta karanta shi da lafazin wani harshe dabam.

Akwai masu tallar wata 'yar manhaja da ake liƙa wa shafi, su ce da layi ɗaya komai ya daidaita. Wannan kitso ne da ƙwarƙwata. Fom ɗin da aka gina a karkace yana nan a karkace a ƙarƙashinta, kuma makafi da yawa suna kukan cewa tana ƙara dagula musu manhajar da suka saba da ita. A 2025 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sa ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanonin biyan dala miliyan ɗaya saboda zuzuta abin da manhajarsa ke iya yi.

Idan manhajar kama ɗakin ta wani kamfani ce, ba za ka iya gyara ta da kanka ba. Rubuta musu, ka nemi rahoton da ke nuna matsayinta a ma'aunin WCAG, ka ajiye amsarsu. In sun kasa, ka fara duba wata.

Mataki na biyar: faɗi gaskiyar ginin

Wannan shi ne wurin da na fi so mai masauki ya ba lokaci, domin ba ya buƙatar masanin kwamfuta, tef ɗin awo kawai yake buƙata. Kalmar "muna da ɗakin masu buƙata ta musamman" ba ta isa ba. Mai keken guragu yana so ya san abin da zai tarar, tun daga inda mota za ta tsaya. Akwai matakala a bakin ƙofa? Guda nawa? Akwai gangara? Ɗakin a ƙasa yake ko a bene, kuma akwai na'urar hawa? Auna faɗin ƙofar ɗaki da ta banɗaki a buɗe. Ma'aunin Amurka inci 32 ne, kusan santimita 81, amma ko taka ba ta kai ba, rubuta ainihin abin da ka auna. Auna tsawon gado daga ƙasa. Faɗi ko wurin wanka yana da dakali da za a tsallaka, ko akwai kujerar wanka da ƙarfen riƙewa a bango. Faɗi ko ƙararrawar gobara tana da fitila mai walƙiya saboda kurame. Ɗauki hotunan banɗakin ta kusurwa biyu ko uku.

Kada kunya ta sa ka ɓoye abin da babu. Mutumin da ya karanta cewa akwai matakala uku zai yanke wa kansa shawara, ya nemi wani wuri ko ya zo da mai taimaka masa. Wanda aka ɓoye wa, ya iso da dare bayan doguwar tafiya ya tarar kekensa ba ya shiga banɗaki, an zalunce shi. Sannan ɗakin ya kasance ana iya kama shi a shafin kamar kowane ɗaki, ba a ce sai an buga waya ba, kuma idan an kama shi kada a ba wa wani. A ƙasan shafin ka sa ɗan bayani kan abin da aka gyara, abin da ya rage, da hanya biyu ta tuntuɓarka, waya da rubutu, domin kurma ba zai kira ba.

Mataki na shida: raba kanka da lambar kati

Ƙa'ida mafi sauƙi ita ce abin da ba ka riƙe ba, ba za a sace shi a wurinka ba. Ka sa biyan kuɗi ya gudana a shafin kamfanin karɓar kuɗi da ya cika sharuɗɗan PCI DSS, ta yadda lambar katin ba za ta bi ta kwamfutarka ba. Idan kana buƙatar cire kuɗi daga baya, misali baƙo bai zo ba, kamfanin zai ba ka wata lamba ta madadin katin, wadda ba ta da amfani ga ɓarawo. Wanda ya yi haka, takardar tantance kai da zai cika kowace shekara ita ce mafi gajarta, ana kiranta SAQ A. Bankinka ko kamfanin ne zai tabbatar maka wadda ta dace da kai, yana kuma iya neman a riƙa binciken shafin daga waje duk wata uku.

Inda ƙananan masaukai suka fi faɗawa rami shi ne teburin karɓar baƙi. Baƙo ya kira, ma'aikaci ya rubuta lambar kati a littafi. Wani ya turo hoton katinsa gaba da baya ta WhatsApp ko imel, ya zauna a wayar shekara biyu. Lambobi uku ko huɗu na tsaro da ke jikin kati haramun ne a ajiye su bayan an amince da biyan, ko a takarda ko a kwamfuta, ko da baƙon ya yarda. Bincika akwatin imel da wayoyin aiki ka goge, ka yayyaga takardun. Daga yau, wanda ya kira a tura masa mahaɗin biya ya cika da kansa.

Mataki na bakwai: makullai

Adireshin shafinka ya fara da https a kowane shafi. Tun 2018 burauzar Chrome ke yi wa wanda ba haka ba tambarin rashin tsaro. Takardar shaidar tsaro da ke ba shafi https kyauta ce a wurin Let's Encrypt, tana ƙarewa cikin ɗan lokaci, don haka a saita ta ta riƙa sabunta kanta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da aka fi samu ita ce tsohuwar manhaja. Idan da WordPress aka gina shafin, sabunta shi da duk ƙananan manhajojin da aka ɗora masa, ka cire waɗanda ba a amfani da su. Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa, da iya ikon da aikinsa ke buƙata. Kalmar sirri ta kai haruffa 12 aƙalla, kada a maimaita ta a wuri biyu, a bar manhajar adana kalmomin sirri ta riƙe su. Kunna tabbatarwa mai hawa biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri, kamar lambar da ake turowa waya, a ko'ina, ka fara da imel, domin ta imel ake sake saita duk sauran. A nan tsaro da sauƙin shiga suke haɗuwa: kada shafinka ya hana baƙo liƙa kalmar sirrin da ya kwafo, kuma kada ka tare shi da wasan gane karkatattun haruffa ba tare da wata hanya ba. Intanet ɗin baƙi a raba shi da na ofis da na'urar karɓar kati.

Ka zaunar da ma'aikatanka ka ba su labarin wata damfara da ta addabi masaukai a 'yan shekarun nan. Saƙo ya zo kamar daga baƙo, yana cewa ga takardar likita kan abincin da ba ya ci, ko ga hoton kayan da ya manta. Ma'aikaci ya buɗe, wata muguwar manhaja ta sauka ta kwashe kalmomin sirri. Ɓarayin su shiga asusun masaukin a dandalin kama ɗaki, su rubuta wa baƙin gaske da sunanka cewa katinsu bai wuce ba, su sake biya ta wani mahaɗi. Baƙon ba shi da dalilin zargi, domin saƙon daga inda ya saba ganin saƙonka ya fito. Dokar gida ta zama ba a buɗe fayil ko mahaɗi daga wanda ba a tabbatar da shi ba. A takardar tabbatar da ɗaki kuma ka rubuta wa baƙi cewa ba za ka taɓa neman lambar kati ta saƙo ba.

Mataki na takwas: bayanan baƙi, kwafin ajiya, da ranar da abu ya ɓaci

Karɓi abin da kake buƙata da abin da doka ta wajabta, ka sa wa kowanne wa'adin gogewa. Hoton fasfo da babu dokar da ta ce a ajiye shi, kada a ajiye. Bayanin lalurar baƙo bayanin lafiya ne, wanda zai shirya ɗakin kaɗai ya kamata ya gani. Rubuta wa baƙi a harshe mai sauƙi me kake karɓa, don me, wa kake ba wa, har zuwa yaushe. Girman kamfani ba ya tsare shi: a 2018 babban kamfanin otal-otal na Marriott ya bayyana cewa an yi shekaru ana kutse a tsarin kama ɗaki na kamfanin otal-otal na Starwood da ya saya, tun 2014, kuma a 2020 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam miliyan 18.4.

Yi kwafin shafin da na littafin baƙi: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Sau ɗaya a wata shida ka gwada dawo da shi, don ka tabbatar kwafin yana buɗewa.

Sannan ka rubuta shafi guda ka ajiye a teburin karɓar baƙi, na abin da za a yi idan an ga alamar kutse. A cire kwamfutar daga intanet amma kada a goge komai a cikinta. A canza kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta. A kira banki ko kamfanin karɓar kuɗi, da dandalin kama ɗaki, da mai kula da shafin, lambobinsu suna rubuce a takardar. A rubuta lokacin da aka gano abin, domin a ƙarƙashin GDPR awa 72 ake da su a sanar da hukuma, kuma agogon yana fara bugawa ne daga lokacin da aka sani. Baƙin da abin ya shafa a gaya musu da wuri, a faɗi abin da aka ɗauka, don su toshe katunansu. Takardar a buga ta a kan farar takarda, saboda ranar da za a neme ta wataƙila kwamfutar ce ba ta buɗuwa.